Ƙara wa furosesa gudu ko sayen wata: yadda za ka gane wanne zai amfani wasanninka

Kafin ka taɓa BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin da kwamfuta ke tashi, ko ka fitar da ko sisi, ka fara tabbatarwa furosesa, wato CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ce ke riƙe wasan. Sau da yawa mutum yana ganin wasa na sarƙewa sai ya ɗora wa furosesa laifi, alhali katin hoto ne ya ƙure ƙarfinsa, ko ram ne ke tafiya ƙasa da gudunsa.

Sauke MSI Afterburner tare da RivaTuner, ka sa su nuna maka alƙaluma a saman wasa: yawan aikin katin hoto, zafin furosesa, gudunta, da FPS, wato adadin hotunan da ke fita a daƙiƙa ɗaya. Shiga wurin da wasan ya fi cunkoso, ka yi minti goma. Idan katin hoto na zaune a kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne ya gaji, kuma duk abin da za ka yi wa furosesa ba zai ƙara maka komai ba. Idan kuwa yana yawo a 60 ko 70 kuma FPS ya ƙi hawa, to yana jiran furosesa ne. Gwaji na biyu ya fi wannan sauƙi: rage girman hoto daga 1080p zuwa 720p. In FPS ya yi tsalle sama, matsalar kati ce. In bai motsa ba, furosesa ce ko ram.

Kada jimillar aikin furosesa ta ruɗe ka. Za ka iya ganin kashi 40 kacal, amma ƙwaya ɗaya daga cikin shida, wato ƙananan sassan da ke raba aiki a cikin furosesa, ta cika maƙil, kuma ita wasan ke jira. Counter-Strike 2, Valorant, Fortnite da Warzone duk suna da wannan hali.

Abin da ba ya cin kuɗi

Ram da yawa da aka rubuta wa 3200 ko 3600 a jiki suna tashi ne a 2133 ko 2400 har sai ka kunna XMP a BIOS, wato saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa. A madabod ɗin ASUS na AMD, wato babban allon da ake jona duk sassan kwamfuta a kai, sunansa DOCP, a kan AM5, mazaunin furosesar AMD mai amfani da ram DDR5, kuma EXPO. Buɗe Task Manager ka duba gudun ram ɗinka yanzu; in ya gaza abin da ke jikin kwali, ka bar ƙarfi a ajiye. Haka nan sanda ɗaya ta 16GB ba ta kai sanduna biyu na 8GB ba, domin biyun suna aiki ta hanya biyu lokaci guda. A madabod mai ramuka huɗu, ana sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa. Ryzen musamman tana jin daɗin ram mai sauri, kuma DDR4-3600 ne wurin da Ryzen 3000 da 5000 suka fi daidaituwa.

Sai zafi. Furosesar zamani tana ƙara wa kanta gudu muddin tana da sanyi, tana kuma rage shi da zarar ta kusa iyakarta: digiri 95 ga Ryzen 5 3600, digiri 100 ga yawancin na Intel. Ƙurar hunturu na toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya har iska ta daina ratsawa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma yana bushewa da shekaru. Hure ƙurar, ka riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa, ka goge tsohon man da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wannan kaɗai kan dawo da gudun da ya ɓace.

Abin da obakulok ke bayarwa a yau

Sunan da obakulok, wato ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita, ya yi, ya yi shi ne a zamanin irin su Core i5-2500K ta 2011. Iyakar gudunta daga kamfani 3.7GHz ne, amma da fanka mai kyau ana kai ta 4.5GHz ba wahala, ƙarin sama da kashi 20 cikin ɗari kyauta. Yanzu kamfanonin sun riga sun tatse wannan rarar tun kafin kaya ya bar masana'anta. Ryzen 5 3600 tana kai kanta 4.2GHz, kuma in ka ɗaure duk ƙwayoyinta da hannu, a kusa da nan za ka tsaya. Wani lokacin ma wasa ya fi gudu in ka bar ta yadda ta zo.

Kuɗin da ake biya kuwa zafi ne. Wutar da furosesa ke ci tana hawa daidai da gudu, amma a kan boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba ta, tana hawa ne daidai da boltej ɗin in an ninka shi da kansa. In ka ɗaga boltej daga 1.20 zuwa 1.35 don ka samu 4.4GHz maimakon 4.2GHz, ka ƙara gudu da ƙasa da kashi 5, ka ƙara cin wuta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk wannan wutar zafi take komawa a cikin akwati. Alƙaluman da ake gani a bidiyoyin gwaji yawanci a ɗaki mai sanyi ake ɗaukar su, digiri 20 da 'yan kai. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya yakan haura 35, kuma kowane digiri na ɗaki yana hawa kai tsaye kan na furosesa. Saitin da ya zauna lafiya a Janairu zai iya fara kashe maka wasa da bazara.

Ba kowace kwamfuta ce ma ke yarda ba. A Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshe, kan madabod mai Z, kamar Z390 ko Z690. A AMD yawancin Ryzen a buɗe suke, amma madabod A320 da A520 ba sa bari. Kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su, irin Dell OptiPlex da HP da suka cika kasuwa, BIOS ɗinsu a kulle yake, babu wannan zancen sam.

In kana da tsohuwar K, ga yadda ake yi

A nan ne obakulok ke da riba har yanzu. Ɗauki i7-8700K a kan Z370: duk ƙwayoyinta shida suna aiki a 4.3GHz, kuma da sanyaya mai ƙarfi yawancinsu na kai 4.8GHz ko sama. Fara da auna yadda take: gudanar da Cinebench R23 na minti goma, HWiNFO64 a buɗe, ka rubuta maki da zafi mafi girma. In tun yanzu ta haura 80, tsaya, sai ka sauya fanka tukuna.

A BIOS nemi CPU Ratio. Lambar ana ninka ta da 100MHz, wato 46 na nufin 4.6GHz. Kada ka taɓa BCLK, domin wasu sassan madabod na rataye da shi. Mayar da Vcore, wato boltej ɗin furosesa, daga Auto zuwa na hannu, ka fara da 1.25, in ka bar shi a Auto, madabod kan zuba wuta fiye da kima. Sa Load-Line Calibration a matsakaici. Ajiye, shiga Windows, gudanar da OCCT na rabin awa. In ta wuce, ƙara ɗaya a kan lambar ka sake. In ta faɗi, ko allo ya yi shuɗi, ƙara 0.01 ko 0.02 a boltej. Ka tsaya da zarar boltej ya kai 1.35 ko zafi ya kai 85, ka koma matakin ƙarshe da ya zauna, ka gwada shi awa biyu, sannan ka yi wasa da shi kwanaki. Duba layin WHEA a ƙasan HWiNFO64: ko kuskure ɗaya ya bayyana, saitin bai zauna ba, ko da wasa bai mutu ba.

In kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, ba ta ƙone ba. Cire wayar wuta, zare batirin CR2032 da ke jikin madabod na minti biyar, mayar da shi, BIOS zai koma yadda ya zo.

Masu Ryzen 5000 hanyarsu daban ce, kuma ita muka fi ba da shawara a ƙasa mai zafi. A BIOS kunna PBO, wato Precision Boost Overdrive, shiga Curve Optimizer, zaɓi Negative, fara da 10 a duk ƙwayoyi, ka riƙa ƙarawa biyar-biyar, iyakarsa 30. Rage wuta kake yi a nan, furosesa ta yi sanyi, ta ƙara gudu da kanta. Alamar ka wuce gona da iri ita ce kwamfuta ta sake tashi tana zaune ba ta aikin komai. Masu Intel ƙarni na 13 da 14 kuwa, irin 13700K da 14900K, kada su ƙara boltej ko kaɗan. Intel ta amince a 2024 cewa yawan boltej na lalata waɗannan furosesoshin, ta fitar da gyara ta BIOS, ta kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Sabunta BIOS shi ne aikin farko.

Lokacin da sauyawa ta fi

Soket, wato ramin da furosesa ke zama a madabod, shi ne ke yanke hukunci. Mai soket ɗin AMD na AM4 ya fi kowa sa'a, domin madabod B450 da aka saya da Ryzen 5 2600 yana iya ɗaukar Ryzen 5 5600 ko 5700X3D bayan sabunta BIOS, ba tare da sauya ram ba. AMD ta ce Zen 3, ƙirar su 5600, na yin aiki fiye da Zen 2, ƙirar su 3600, da kashi 19 cikin ɗari a gudu ɗaya, kuma babu boltej ɗin da zai ba ka wannan. Su X3D kuma suna da ma'ajiyar L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa, mai 96MB maimakon 32MB, don haka wasa ba ya yawan zuwa ram neman bayanai. 5700X3D iyakarta 4.1GHz, ƙasa da 5600 mai 4.4GHz, amma ta fi ta a yawancin wasanni, musamman wajen rage sarƙewar da ke zuwa a tsakiyar faɗa. Lambar GHz kaɗai ba ta isa awo ba.

A Intel, LGA1700 na ɗaukar ƙarni na 12, 13 da 14. LGA1200 ƙarni na 10 da 11 ne kawai. LGA1151 yana da tarko: ƙarni na 8 da 9 suna shiga ramin madabod na ƙarni na 6 da 7, amma ba sa tashi. Idan soket ɗinka ya ƙare, lissafin ya zama furosesa da madabod, in AM5 ne har da DDR5, kuma a nan ya kamata ka auna ko kuɗin bai fi amfani a katin hoto ba.

Tsarin aikin yana da muhimmanci. Nemi sunan madabod ɗinka da CPU-Z, buɗe jerin furosesoshin da yake ɗauka a shafin kamfanin, ka ga lambar BIOS da ake buƙata. Sabunta shi tun tsohuwar furosesa na ciki, domin sabuwar ba za ta nuna hoto a tsohon BIOS ba. Kada ka yi wannan a kan wutar NEPA tsura ko janareta mai tangal-tangal. Ɗauke wuta a cikin waɗannan 'yan mintuna na iya kashe madabod. Jona UPS ko inbata. In kana da BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan faifai, dakatar da shi ko ka ajiye makullinsa, saboda sauya furosesa na sake saita fTPM, wurin da ake adana makullan tsaro, kuma PIN ɗin Windows zai iya daina aiki.

Wajen cirewa, kunna kwamfutar minti goma man ya yi laushi, kashe ta, sannan ka murɗa ƙarfen sanyaya hagu da dama kafin ka ɗaga. A AM4 ƙafafun suna jikin furosesa, kuma busasshen mai kan fizgo ta daga soket ta lanƙwashe su. Daidaita ɗan alwatikan zinariya na kusurwa da alamar soket. Za ta zauna da kanta, ba a dannawa. 5700X3D mai wat 105 ce kuma ba ta zuwa da fanka, don haka ƙaramar fankar da ta zo da 2600 ba za ta riƙe ta ba, sai irin doguwar nan mai bututun jan ƙarfe huɗu ko fiye. Tashin farko kan ɗauki minti ɗaya ko biyu allo na baƙi, ka yi haƙuri. Bayan nan shiga BIOS ka sake kunna XMP, domin ya koma a kashe, ka sauke sabon direban chipset daga shafin AMD, ka koma wurin nan da ka yi gwajin farko a wasa ka kwatanta alƙaluman.