Yadda Ake Ziyarar Ƙasa Mai Tsarki da Ɗan Kuɗi Kaɗan Tare da Abokan Tafiya Masu Dabara

Yawancin wuraren da Kirista ke marmarin gani a Urushalima da Baitalami da Galili ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Majami'ar Kabari Mai Tsarki kyauta ce, haka Majami'ar Haihuwa a Baitalami, haka lambun Getsamani. Kuɗin ziyara yana tafiya ne a jirgi da masauki da mota da abinci da tsaraba, kuma in ban da jirgi, duk sauran suna raguwa idan ka yi dace da mutanen da za ku tafi tare. Shi ya sa a ganina ba daga banki shiri yake farawa ba, daga zaɓen abokai yake farawa.

Mataki na 1: Ku zaɓi juna da hankali

Mutum shida zuwa takwas sun isa. Ƙasa da haka, kuɗin hayar mota zai yi muku nauyi. Fiye da haka, ba za ku taɓa fita a kan lokaci ba. Kowa kuma ya zo da wani abu a hannu. Ana bukatar ma'aji mai riƙon amana wanda ba ya jin kunyar cewa "ba mu da kuɗin wannan". Ana bukatar mai Turanci sosai, in kuma an samu mai ɗan Larabci to an yi sa'a, domin a tsohon birnin Urushalima da Baitalami da Nazarat da ƙasar Urdun da shi ake ciniki. Ana bukatar matashi ko matashiya da ta iya taswirar waya da neman masauki a intanet. Sai wanda ya san Littafi Mai Tsarki, fasto ne ko mai bishara ko malamin makarantar Lahadi, wanda zai buɗe ya karanta muku ayar da ta dace a kowane wuri. Kada kuma ku raina uwa daga zumuntar mata da ta saba dafa wa taro. Ita ce za ta cece ku daga tsadar gidajen abinci.

Akwai maganar da dole a yi ta tun yanzu ko da ba daɗi. Duk wanda kuka ga alamar niyyarsa ita ce ya sulale ya zauna a can neman aiki, ku bar shi a gida. Masu tserewa sun daɗe suna ɓata wa masu ziyara daga Najeriya suna, kuma wanda ya tsaya masa shi zai sha tambayoyi.

Mataki na 2: Ku zaɓi hanya

A Najeriya, hukumar NCPC da aka kafa a 2007 ce ke kula da ziyarar ibadar Kirista, tare da hukumomin jihohi. Idan kuka bi ta nan, kuɗi ɗaya za ku biya da ya haɗa jirgi, biza, otal, abinci da mota, don haka dabararku za ta tsaya ne a kan tara kuɗin da kuma kuɗin aljihu. Hanya ta biyu ita ce kamfanin shirya tafiye-tafiye mai lasisi, inda za ku iya cewa su yi muku biza da tikiti, ku kuma ku zaɓi masauki mai sauƙi. Ku nemi ganin lasisin, ku biya a asusun kamfani, ku karɓi rasit. Tun yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoban 2023 yanayin tsaro ke canjawa, saboda haka ku tambayi hukuma halin da ake ciki kafin ku biya, ku kuma ji a rubuce abin da zai faru da kuɗinku in an ɗage tafiya.

Mataki na 3: Adashe da lokaci

Ku buɗe asusu na musamman mai sa hannun mutum biyu, kowa yana zubawa wata-wata. Fasfo da katin rigakafin shawara a yi su da wuri. Ku kauce wa makon Ista da na Kirsimeti, lokacin da masauki ke tsada kuma layi ke kai awanni. Nuwamba da Fabrairu sun fi sauƙi, sai dai Urushalima a kan tudu take, akwai sanyi da ruwan sama, a tafi da rigar sanyi mai kauri.

Mataki na 4: Masauki da ciki

Ikkilisiyoyi da dama suna da gidajen baƙi a cikin tsohon birni ko daf da shi: Casa Nova na 'yan Faransiskan (wata ƙungiyar limaman Katolika), gidan baƙi na Lutheran, da Ecce Homo a kan hanyar gicciye. Wasu suna da ɗakunan kwana na mutum da yawa, maza daban mata daban. Suna cika da wuri, a rubuta musu tun watanni kafin tafiya, a kuma tambaya ko akwai karin kumallo ko wurin girki. Babbar ribar kwana a nan ita ce ba ku bukatar mota. Da ƙafa za ku isa kusan ko'ina.

Daga gida ku ɗauko garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji da ganyen shayi. Kilishi da dambun nama a bar su, don ana iya ƙwace nama a filin jirgi. A can, burodi mai riɗi da ake turawa a amalanke a bakin Ƙofar Dimashƙu ta tsohon birnin Urushalima, da falafel mai kama da ƙosai, da tumatir da kokwamba daga kasuwa, za su riƙe ku har dare. Kowa ya riƙe gorarsa yana cikawa a masauki.

Kowace yamma bayan addu'a, ma'aji ya buɗe littafi a gaban kowa: mota kaza, burodi kaza, baiko kaza, saura kaza. Minti biyar ne, amma yana kashe zargi tun bai tsiro ba.

Mataki na 5: Ku tsara kwanaki yadda ƙafa za ta yi aikin mota

Rana ɗaya a Urushalima za ta iya tafiya haka. Ku hau mota zuwa saman Dutsen Zaitun, sannan ku gangaro da ƙafa. Akwai majami'ar da aka rubuta Addu'ar Ubangiji a bangonta cikin harsuna fiye da 100, ana biyan ɗan kuɗi kaɗan. Daga nan sai wurin da Yesu ya yi kuka saboda birnin, sai Getsamani da tsofaffin itatuwan zaitun. Ku shiga ta Ƙofar Zakuna, ku ga tafkin Betasda, ku bi tashoshi 14 na hanyar gicciye har Kabari Mai Tsarki. Ranar Juma'a da yamma 'yan Faransiskan suna bin wannan hanya da addu'a, kowa yana iya shiga sahu ba tare da biyan ɗan jagora ba. Shi kabarin kansa, ku koma masa da asuba. A lokacin ba cunkoso, za ku durƙusa a natse. Mabuɗin ƙofar majami'ar kuwa yana hannun iyalai biyu Musulmi tun ƙarnuka da dama.

Baitalami kusan kilomita 10 ce daga Urushalima. Motocin Larabawa suna tashi daga tashar da ke kusa da Ƙofar Dimashƙu a farashin da bai kai na tasi ba ko kusa. A riƙe fasfo saboda shingen bincike. Ku tuna cewa daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar motocin haya na Isra'ila suna tsayawa saboda Asabaci, amma na Larabawa suna aiki, don haka Asabar ta dace da Baitalami.

A Galili wurare a warwatse suke: Nazarat, Kana, Kafarnahum, Tabga, Dutsen Albarku. Nan ne yawanku zai yi amfani: ku yi hayar ƙaramar bas ta yini guda, ku daidaita farashi da wuraren tsayawa kafin kowa ya shiga. Masu ƙarfi a jika suna iya bin hanyar ƙafa ta kilomita 65 daga Nazarat zuwa Kafarnahum cikin kwana huɗu. Mai son baftisma a Kogin Urdun ya ɗinko farar rigarsa daga gida, kada ya yi haya. Idan ta Urdun kuka shigo, Dutsen Nebo da Madaba suna kusa da juna, yini ɗaya ya ishe su.

Mataki na 6: Tsaraba

Nan ne aljihu ke yagewa. Tun a gida kowa ya rubuta sunayen waɗanda zai kawo wa abu, ya tsaya a kan jerin. Ku haɗa sayayya wuri ɗaya, mutum ɗaya ya yi ciniki a madadin kowa. Idan mai shago ya faɗi farashin gicciyen itacen zaitun guda, sai Mama ta ce, "Guda 40 muke so, nawa za ka bar mana?" Nan take magana za ta sauya. Ku saya a Baitalami wurin iyalan Kirista da ke sassaƙa su, domin da wannan sana'a suke ci, kuma raguwar baƙi ta taɓa su ƙwarai. Ruwan Urdun kuwa ba sai an saya ba: ku ɗebo a ƙaramar gora, ku ɗaure bakinta a leda, ku sa a babbar jaka, don ba za a bari ya shiga jirgi a jakar hannu ba.