Yadda za a kare gida ko alamar kasuwanci a kotu a Yamai

Idan rikicin fili ne, a fara tattara takardar mallaka da takardar saye, sannan a nemo dattawan unguwa waɗanda suka san iyaka, domin a gonakin gado, inda takarda ba ta cika samuwa ba, shaidar baki da sulhun mai gari suna da nauyi ƙwarai.

Alamar kasuwanci kuwa rajista ce ke kare ta. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke yi wa alamun kasuwanci rajista a ƙasashen da ke cikinta, kuma rajistar alama tana aiki shekara 10 kafin a sabunta ta. Wanda aka kwaikwayi kayansa ya sayi jabun, ya adana rasit, ya kai wa lauya tun kafin mai laifin ya ɓoye sauran.