Yadda zaka koyi fanalbita da waldar motar da tayi hatsari

Toh ɗan'uwa, in da gaske kake son koyon fanalbita, ka ajiye maganar injin walda tukunna, ka nemo tsohuwar ƙofar mota ko madigad da aka yar, da guduma da doli, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake tokarewa dashi ta baya. Yara da yawa suna zuwa gareji idonsu na kan wuta, su dai a miƙo musu bakin walda su fara narka abu, alhali rabin aikin nan a tafin hannu yake. Ƙarfen jikin mota siriri ne sosai, yawanci tsakanin milimita 0.7 zuwa 1 ne, kaga kuwa abin da bai kai kaurin kwali ba ai ba'a yi masa dukan kawo wuƙa.

Ka lotsa ƙofar da kanka sannan ka zauna ka karanci lotsawar. Ka shafa da tafin hannu gaba ɗaya, ba da kan yatsa ba, in ka sa siririn ƙyalle tsakanin hannunka da ƙarfen ma zaka fi jin tudu da kwari. Zaka lura akwai inda dukan ya sauka, sannan akwai kunya irin ta gona da ta taso kewaye dashi, toh wannan kunyar ita ke riƙe da lotsawar. Sabon shiga tsakiya yake fara bugawa, shi yasa yake ɓata fanel, wato fallen ƙarfen jikin motar. Daga gefe ake farowa, inda ɓarnar ta ƙare nan kake fara gyara, ka tokare kwarin da doli ta ciki kana tura shi waje, kana ɗan bubbuga kunyar a hankali da guduma, sai kaga ƙarfen yana komawa mazauninsa da kansa. Dukan daga wuyan hannu yake fitowa, ƙanana masu yawa, ba ɗaya mai ƙarfi ba.

Ka riƙa sauraron ƙarar. In guduma ta sauka daidai kan doli zaka ji ƙal ƙal mai kaifi, wannan dukan baza ƙarfe yake yana ƙara masa faɗi, yana da amfani wajen goge ƙananan tabo amma in ka cika shi fanel zai saki, ka danna ya faɗa ciki da ƙara, ka saki ya dawo. In hakan ta faru sai an tsuke shi: a ɗora wuta a ɗan wuri kamar faɗin farcen babban yatsa har yayi ja, a bubbuga kewayensa zuwa tsakiya da doli a baya, a sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma. Wuri ɗaya, ka shafa ka ji, kafin ka ƙara wani.

Bodi fila kuma, wato kwaɓin da ake shafawa a cike lotsawa kafin fenti, wallahi nan ne ake gane mai aiki da mai rufa-rufa. An yi ta ne don cike ɗan abin da guduma ta bari, kamar milimita 3, ba don a gina madigad da ita ba. Wanda ya lafta ta da kauri zata tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi, mai mota ya dawo da ɓacin rai bayan fenti yasha kuɗinsa.

Sai hannunka ya faɗa a guduma sannan ka zo kan walda. Waldar sanda da ake ƙofofin gida da ita tayi wa jikin mota zafi, huda shi kawai zata riƙa yi. Ta gas ko kabait tana yi, amma zafinta yana yaɗuwa ya karkatar da fanel. Wadda ta fi dacewa ita ce MIG mai waya, da waya 0.6 ko 0.8 da iskar argon haɗe da CO2, in kana da zaɓin inda zaka koya ka zaɓi garejin da yake da ita. Ka yanko guntayen ƙarfe masu kaurin jikin motar, ka kankare fenti da tsatsa har sai yana ƙyalli, ka saita injin a kansu kafin ka taɓa motar mutane. Kuma kar ka ja layi ɗaya dogo, ɗigo ɗigo ake yi: ka ɗiga nan, ka tsallake can nesa ka ɗiga, ka bari ya huce har ka iya ɗora hannu, ka dawo ka cike tsakani har ɗigon su haɗe. Yana cin lokaci, eh, amma gaggawar minti biyar sai ta ja maka gyaran yini guda. Garanda ma zafi take kawowa, in kazo goge waldar ka bi a sannu kar ka cinye ƙarfen gefe.

A kamfanin ƙera mota da ɗigon walda ake haɗa fanel, in zaka cire tsohon ka huda ɗigon da bakin dirila na musamman ta yadda na ƙasan ba zai huje ba. Wajen mayar da sabo sai ka huda ramuka kamar milimita 8 a jikinsa, ka matse shi da ƙarfen ƙasa da kilam, wato mamatsi, su kwanta sosai, ka fara waldar daga tsakiyar ramin kan ƙarfen ƙasa ka kewayo har ya cika. Ka gwada a guntaye biyu, ka ɗaure a bais, wato mamatsin kan teburi, ka ɓanɓare da ƙarfin tsiya, in waldar ta kama ƙarfen ne zai yage ya bar rami, in kuwa ta ɓalle salin alin toh a sama kawai ta zauna, sake saiti.

Abin da yafi damuna shine shasi da ginshiƙan ƙofa. Motocin yanzu ana sa musu ƙarfe mai tauri na musamman a waɗannan wurare, wani har da boron a ciki, kuma wuta tana kashe masa ƙarfi ko da ido bai gani ba. In ka gasa shi yayi ja ka miƙar, fenti ya rufe, mota tayi kyau, ranar da aka sake karo sai ya naɗe kan mutanen ciki. Irin wannan canja shi ake, a yanka a inda kamfanin motar yace a yanka. Kuma kafin ka ɗaura sabon fanel ka auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba gindin aikin a karkace yake, ƙofa ba zata taɓa rufuwa daidai ba. Alminiyon shi kuma wani karatu ne daban, yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da yayi ja ya gargaɗe ka ba, kuma kayan aikinsa ba'a haɗa su da na ƙarfe.

Kafin ka kunna wuta a jikin mota ka cire kan batir, na nagatif da farko, ka maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da inda kake waldar don wuta kar ta bi ta kwamfutar motar, ka leƙa bayan fanel ka cire kafet da soso da wayoyi, ka san inda tiyon mai da tanki suke. In ka ga manyan wayoyi ruwan lemo a mota mai haɗin lantarki kar ka taɓa, wutarsu tana kisa, a kira wanda ya karanci abin. Tabarau baƙi na kwalliya ba ya tare hasken walda, hular walda ta gaskiya zaka sa, in ba haka ba cikin dare zaka farka ido na zuba ruwa kamar an watsa maka yashi. Farin hayaƙin da ke tashi daga ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi, kayi aiki inda iska ke wucewa. Mai ko giris kar ya kusanci kan tukunyar oksijin, kuma abin kashe gobara ya zauna kusa da hannunka.

In ka gama ka tuna wuta ta ƙone rufin da ke bayan ƙarfen, inda ba mai gani, toh daga nan tsatsa ke farawa. Ka shafa faraima, wato fentin ƙasa, gaba da baya, ka bi haɗin da sila mai toshe kafar ruwa, cikin ƙofa da ginshiƙi kuma ka fesa kakin hana tsatsa ta ramukan da ke jiki kafin ka mayar da roba da kafet.