Ranar farko kar a taɓa robot

Salam 'yan uwa masu kula da kulob ɗin robot a makarantu. Ranar da aka fitar da ƙa'idojin gasar bana ku kulle akwatin kaya, takarda da biro kawai.

Ku raba ƙananan takardu, minti 10 shiru, kowa ya rubuta aikin da yake so robot ɗin ya yi, ba yadda za a haɗa shi ba. Kar a sa suna. Sai a manna su a allo a bi ɗaya bayan ɗaya.

Dalili kuwa kun san yaranmu na Kano, ɗan JSS ba zai yi musu da ɗan SS3 ba ko da shi ke da gaskiya, 'yan mata ma da yawa sai su yi shiru, ƙarshe ra'ayin mai surutu ne zai wuce. Wallahi abin yana damuna, don sau da yawa dabara mai kyau tana wajen mai kunyar nan.

A gasar robot ta FIRST LEGO League minti 2 da rabi kacal ne wasan, to gefen kowace takarda ku rubuta maki nawa, sakan nawa za ta ci. Nan za ku gane wadda ba ta biya, tun kafin a kashe kuɗi a odar sensa, wato na'urar da robot ke gane abin da ke kewaye da shi.

Amma fa in ba su karanta ƙa'idojin ba, mafarki za su rubuta. Kuma malam kar ka saka taka takardar, sun san rubutunka, ita za su zaɓa.