Abincin makaranta da yaro mai zaɓen abinci zai ci ko ya huce

Duk uwar da take da yaro mai tsirfar cin abinci ta san ciwon nan, ki tashi tun asuba ki dafa ki zuba a kula, a taso ƙarfe ɗaya ki buɗe ki tarar ko cokali biyu ba a yi ba, yaro kuma ya dawo ido ya faɗa. Autana da ya shiga nazire haka muka yi ta fama kusan zango guda, wallahi har kuka na taɓa yi a kicin. Abin da na gano daga baya, yawancin abin da nake zuba masa abinci ne da sai da zafi yake da daɗi, shi kuma sai wajen ƙarfe goma suke fita tara.

To ga gwajin da nake so ki fara yi. Ranar Asabar ki dafa abin da kike son ba shi, ki zuba a robarsa ki rufe ƙarfe bakwai, ƙarfe goma ki buɗe ki ɗanɗana da bakinki. Indomie za ki ga ta cure ta zama dunƙule, ɗanwake ya yi tauri, miyar da ke da kitsen nama ta daskare a sama musamman lokacin hunturu. In ke ba ki iya ci ba, ɗan shekara huɗu ma ba zai ci ba.

Waɗanda suke jure sanyi su ne irin na ɗauka da hannu. Awara ita ce ta ɗaya a gidana, ki yanka ƙanana kamar kan ɗan yatsa, ki tsoma a ruwan ƙwai ki soya, ki bari ta tsane ta huce tukuna kafin ki rufe don in kin rufe da zafi gumi zai sauka ta yi laɓe-laɓe, kuma yaro mai tsirfa da ya ga abu ya jiƙe shi ke nan ya gama da shi. Wainar shinkafa ƙanana da ɗan suga, wainar fulawa a naɗe a yanka, fanke, alale da aka yi a ƙananan gwangwanaye, dankalin Hausa dafaffe a yanka, doya da ƙwai, dambun nama a tsakiyar biredi ko gurasa. Dambun shinkafa ma yana daɗi da sanyi, sai dai ki yanka zogalen sosai ya ɓace a ciki, in ba haka ba zai zauna tsince ganye har a kaɗa ƙararrawa.

Kar ki cika roba. Wannan kuskuren na daɗe ina yi saboda tausayi, ashe tulin abincin ne yake kashe masa gwiwa. Abu uku ya isa, ɗaya mai riƙe ciki, ɗaya na gina jiki kamar ƙwai ko awara, sai ɗan kayan marmari, yankan kankana ko gwanda ko rabin ayaba da ɓawonta don kar ta yi baƙi. Kuma ki raba su kar wani ya taɓa wani, akwai roba mai gida-gida a kasuwa, in babu ki sa ƙananan robobi biyu. Ki tabbatar zai iya buɗe murfin da kansa, anti ɗaya ce da yara talatin.

Sabon abu kuma ba a makaranta ake fara shi ba. Ki fara a gida kina ci yana gani, ki sa masa ɗan ƙanƙani a gefe ba faɗa ba dole, wani yaron sai an kawo masa sau goma ko fi kafin ya yarda. Nawa karas ya fi wata biyu yana dawo da shi, sai ranar da na bar shi ya wanke da kansa ya zaɓi wanda za a yanka.

Zancen zafi dan Allah kar ki yi wasa da shi. A Maris da Afrilu garinmu zafi yana haura digiri 40, ƙwai da alale da duk abin da ke da madara suna saurin lalacewa a jaka, kunun aya kuwa kafin tara ya yi tsami. In kuna samun wuta ki sa fiya wata ɗaya a firiza tun dare, da safe ki naɗe a ƙyalle ki jingina da robar, zai riƙe sanyi kuma in ya narke ya sha. In babu wuta, a watannin nan ki tsaya kan busassu, biredi da dambun nama, fanke, cincin, lemo, ki bar ƙwai sai ya dawo gida.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kar ki sa masa gyaɗa ko aya ɗai-ɗai, suna iya shaƙe shi ba kya kusa. Dabino ki cire ƙwallon, inibi ki tsaga shi ta tsawo gida huɗu, karas ki ɗan turara ko ki yanka siriri.

In ya dawo ki buɗe robar tare da shi, ki tambaye shi a hankali wanne ya fi daɗi yau, abin da ya ce ki sake sa masa jibi.