Ga ɗalibin da zai sauka Parangipettai

Idan takardarka ta fito a Jami'ar Annamalai, sashen nazarin halittun ruwa, to ba a harabar jami'ar da ke Chidambaram za ka zauna ba. Cibiyar tana Parangipettai, wani ɗan gari a gundumar Cuddalore, jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, inda kogin Vellar ke faɗawa teku. Turawan Fotugal sun sa masa suna Porto Novo, kuma a nan dakarun Ingila suka gwabza da Haidar Ali, mai mulkin ƙasar Mysore, a 1781, amma yau garin masunta ne da 'yan kasuwa, dare na yi kowa ya shige gida.

Indiyancin da ka tsinta a fim, ajiye shi a filin jirgi. Mutanen nan Tamil suke ji, kuma kishin harshensu ba wasa ba ne: a 1965 an yi zanga-zangar ƙin tilasta musu Hindi, wato Indiyancin fim ɗin, har aka rasa rayuka, ɗaliban Annamalai na sahun gaba. Turanci zai fisshe ka a makaranta. A kasuwa kuwa ka riƙe "vanakkam" ta gaisuwa da "nandri" ta godiya, ka kira babba "anna", mace "akka". Idan mutum ya kaɗa kai hagu da dama, yarda ya yi, kada ka sake maimaita roƙon.

A ganina babbar ƙofar shiga garin ita ce masallaci, wanda suke kira pallivasal. Musulmi suna da yawa, tun zamanin cinikin teku da Larabawa, kuma akasarinsu Shafi'awa ne. Za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya ɗaga hannu ya yi alƙunut a Asuba bayan ruku'u. Bi shi kawai, ba wurin muhawara ba ne. Ɗan Ƙadiriyya zai ji kamar yana Kabara, domin Shehu Abdulƙadir na da daraja ƙwarai a wannan gaɓar. Da azumi masallatai ke raba nonbu kanji, wani kunun shinkafa mai kayan ƙamshi, kuma a wajen shan ruwan nan ne za ka san mai gidan haya da mahaucin da za ka yarda da yankansa.

Abinci shinkafa ce safe da rana: idli da dosa (ire-iren wainar shinkafa) da miyar sambar, sai kifi mai araha. Ka taho da yajinka da kuka. Da hannun dama ake ci, wannan ba baƙo ba ne gare mu. Zanen farin gari da mata Hindu ke yi a ƙofar gida da asuba, kewaye shi, kada ka taka.

Damina ta nan daga Oktoba zuwa Disamba take, da guguwar teku, kuma igiyar tsunami ta 2004 ta yi wa yankin ɓarna, saboda haka nemi ɗaki a sama. Zafin Afrilu da Mayu mai gumi ne, ba irin na Sakkwato ba.

Rajistar baƙi ta FRRO (ofishin gwamnatin Indiya mai rajistar 'yan ƙasar waje) kuwa, cikin kwana 14 da sauka ake yin ta, ta intanet. Ranar hutu ka hau bas zuwa dajin ruwa na Pichavaram, ka shiga kwalekwale, ko ka je Chidambaram ka ga hasumiyoyin haikalin Nataraja na mabiya addinin Hindu.