Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gina Ginshiƙin da Zai Jure Fashewar Bam

Duk lokacin da aka kawo mini zanen bene aka ce an ƙarfafa ginshiƙansa saboda tsaro, tun kafin in warware takardar nakan san abin da zan tarar: an ƙara kaurin rodin tsaye, an ƙara siminti a kwaɓi, sauran kuwa an bar shi yadda yake. Bakina ya gaji da nanata magana ɗaya ga matasan injiniyoyi, shi ya sa na ga gara in rubuta ta.

Babban kuskuren shi ne zaton cewa ginshiƙin da ya iya ɗaukar nauyi zai iya jure fashewa. Nauyin bene daga sama yake saukowa a hankali, amma iskar bam daga gefe take bugowa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kuma sau da yawa takan yanke ginshiƙin a gindi ko a wuya kafin ya samu sukunin lanƙwasawa. Abin da ke hana wannan yanka shi ne zobban rodi da aka ɗaure kewaye da rodin tsaye, domin su ne ke matse kankaren ciki ya ci gaba da ɗaukar bene ko da fatarsa ta ɓare.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗata a nan. A farkon aikina an ba ni ginshiƙan ƙasa na wani bene da ke bakin titi, wanda masu shi suka nemi a yi masa tanadin tsaro. Na zuba rodi mai milimita 25 ina jin na burge, na bar zobba da tazarar milimita 250, bakinsu kuma a lanƙwashe digiri 90 kamar yadda masu ɗaurin rodi suka saba. An gama ɗauri, kafinta ya fara buga katako, sai babban injiniyan da ke duba aikin ya iso. Ya sa yatsa a bakin zobe ɗaya ya ce, "Yaro, in fatar kankaren nan ta tashi, me zai hana wannan buɗewa?" Ban da amsa. Aka kwance komai, mako biyu suka salwanta, kuɗin leburorin kuma daga aljihuna ya fita. Tun daga ranar ban yarda da zoben da ba a lanƙwasa bakinsa digiri 135 ya nutse cikin kankare ba, kuma a hawan ƙasa ba na barin tazara ta wuce milimita 100 daga gindi har wuya. Wasu abokan aiki suna cewa ɓarnar ƙarfe nake yi, tunda a ganinsu matse zobba a sama da ƙasa ya wadatar. Su je su duba abin da masu bincike suka gani a ginin Pentagon, hedikwatar sojin Amurka, bayan harin 2001, inda ginshiƙai da dama da aka naɗe da rodi mai murɗiya suka rasa fatarsu amma cikinsu ya ci gaba da riƙe nauyi.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, domin son ƙawa ne ke jawo shi: a rage ginshiƙan ƙasa don a samu fili mai faɗi, a ɗora ginshiƙan sama bisa ƙaton bim guda, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗaukar nauyin sama. Haka aka gina benen gwamnatin tarayya na Murrah a birnin Oklahoma na Amurka. Ranar 19 ga Afrilu 1995 motar da ke ɗauke da bam ta tsaya ƙasa da mita 5 daga ɗaya daga cikin ginshiƙan gaba. Shi ya tarwatse, biyu na kusa da shi suka yanke, bim ɗin hawa na uku ya rasa madogara, benayen da ke kansa suka rufto. Mutum 168 suka rasu, kuma rushewar ce ta yi mafi yawan ɓarnar. Tun a 1968 benen Ronan Point na Landan ya nuna haka, lokacin da fashewar gas a hawa na 18 ta zubar da kusurwar ginin gaba ɗaya. Duk da haka har yau sai ka ga injiniya ya miƙa zane bai taɓa tambayar kansa ina nauyi zai bi idan ginshiƙi ɗaya ya tafi ba. Wannan ba rashin sani ba ne, ganganci ne. Ni nakan goge kowane ginshiƙin gefe ɗaya bayan ɗaya a lissafi, in tabbatar rodin ƙasan bim ya ratsa ta cikin ginshiƙi bai tsinke ba.

Sai tazara tsakanin gini da inda mota za ta iya tsayawa, wadda ta fi kowane rodi araha amma aka fi mantawa da ita. Idan aka ninka nisan mota daga gini, sai maharin ya ninka abin fashewarsa sau takwas kafin ya samu bugu irin na farko. Shingen da zai tsare wannan tazara kuma dole ya iya tsayar da mota a guje, domin a harin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na Abuja a watan Agustan 2011 motar ta keta ƙofofin shiga har ta kai ga ginin.

Sauran ƙanana ne. Kada a yi haɗin rodi daidai gindin ginshiƙi. Kada a bari lebura ya ƙara ruwa a kwaɓi don sauƙin zubawa, kuma duk ginshiƙin da ya fito da ramuka kamar saƙar zuma a fasa shi, ba a shafe da filasta ba. A tuna iskar bam takan ɗaga daɓen kankaren bene sama, saboda haka yana buƙatar rodi a samansa ma.

Masu gyaran tsohon gini kuma sukan naɗe ginshiƙi da zaren kabon su ɗauka an gama. Naɗin yana matse kankare, amma ba ya hana ginshiƙin yankewa daidai inda ya haɗu da daɓe. A wurin nakan sa rigar ƙarfe, in ɗaure gindinta da noti a cikin daɓen.